Lissafin Sakakken Makamashi da Kwamfuta

Sakakken makamashi shi ne ma'aunin da ke nuna ko sinadari zai narke a ruwa, ko magani zai kama furotin, ko rini zai zauna a jikin fata. Gibbs da Helmholtz suka aza harsashinsa tsakanin 1876 da 1882. A kwamfuta, bambancinsa tsakanin hali biyu ake nema, domin jimillarsa ba ta lissafuwa cikin sauƙi.

An saɓa kan wanda ya buɗe fagen. Yawanci ana ambaton Robert Zwanzig a 1954, wasu kuma su kai shi ga Landau a 1938. John Kirkwood ya riga su duka: a 1935 ya nuna za a iya rikiɗar da sinadari zuwa wani a hankali, ta hanyar da babu ita a zahiri, ana tara canjin mataki-mataki. Sai dai duk a takarda abin ya tsaya.

Shekarun 1976 zuwa 1985 ne suka mayar da shi aiki. Matsalar dabarar Zwanzig ita ce idan halayen biyu sun yi nisa, samfurin da aka ɗebo daga ɗaya ba ya wakiltar ɗayan. Charles Bennett na IBM ya magance wannan a 1976, ya ce a ɗebo daga ɓangarorin biyu a auna su tare. An yi sakaci da aikinsa fiye da shekara ashirin, abin takaici. A 1977 Torrie da Valleau a Toronto suka kawo dabarar tura ƙwayoyin sinadari da gangan inda ba sa zuwa da kansu, a cire tasirin turin daga baya. Tembe da McCammon a 1984 suka nuna yadda za a kwatanta magunguna biyu ba tare da an kwaikwayi shigarsu furotin ba. A 1985 Jorgensen da Ravimohan suka rikiɗar da etan zuwa metanol cikin ruwa, suka sami bambancin kusan kilokalori 7 a kowane mol, daidai da gwaji. Daidaiton nan na da muhimmanci, don kuskuren kilokalori 1.4 a kowane mol kan sauya ƙarfin kamun magani ninki goma.



A Najeriya kuwa, masu nazarin ruwan majemun Challawa da Sharada a Kano kan samo adadin sakakken makamashin daga gwajin yadda gawayi ke tsotse kuromiyam da rini. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an yawaita gwada zaman magani cikin furotin da kwamfuta, amma makin da ake samu kintace ne, bai kai lissafin Kirkwood ba.