Kalmomin Karkarwa da Filfilwa: Daga Bakin Dorugu na Damagaram Zuwa Ƙamusun Turawa

1. Gabatarwa

Harshen Ingilishi yana da jerin aikatau na ƙaramin motsi mai sauri wanda ke ta maimaituwa. Shiver na jikin da sanyi ko tsoro ya kama ne, quiver na leɓe ne ko murya, flutter na fiffike ko tuta, flicker na harshen fitila, tremble kuwa ya game yawancinsu. Faransanci ma yana da nasa, kamar frissonner da frémir da vaciller. Mai fassara littafin yaƙi da jahilci, in ya gamu da ɗayansu, sau da yawa sai ya tsaya ga rawa ko girgiza, alhali Hausa tana da kalmomin da suka fi waɗannan dacewa. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda aka fara jera kalmomin Hausa da na Turawa kafaɗa da kafaɗa, aikin da ƙasar Damagaram take da babban rabo a cikinsa, don a ga inda rubutu ya gaza riƙe abin da baki ke rarrabewa.

2. Dorugu da Schön

A tsakiyar ƙarni na 19, Zinder babbar mahaɗar ayari ce tsakanin Kano da Barno da Agadas, kuma sarakunanta suna kai gaisuwa ga Shehun Barno a Kukawa. James Richardson ya sauka a garin a Janairun 1851. Heinrich Barth ya iso a ƙarshen Disamban 1852, zamanin Sarki Tanimun, ya tashi zuwa Katsina da Sakkwato a ƙarshen Janairun 1853.

Cikin masu yi wa Barth hidima akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance. An kama shi yana ƙarami, aka kai shi Barno cikin bauta, inda Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Barth ya ɗauke shi tare da Abbega, wani yaro Bamargi, suka je Tambutu suka komo, daga bisani suka isa Ingila a 1855.

A can ne Dorugu ya zauna da J. F. Schön, Bajamushe mai aikin mishan wanda ya riga ya buga ɗan jerin kalmomin Hausa a 1843, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Daga wannan zama aka sami nahawun Schön na 1862, da ƙamusunsa na 1876 mai kashi biyu, Hausa zuwa Ingilishi da Ingilishi zuwa Hausa, da kuma Magana Hausa na 1885, wanda ya ƙunshi labarin rayuwar Dorugu daga bakinsa. Ashe ke nan Hausar da Turawa suka fara aunawa da Ingilishi a tsanake, babban kashinta na ɗan ƙasar Damagaram ne. Dorugu ya komo Afirka, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912, bayan ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa.

3. Abin da rubutun farko ya rasa

Schön bai rarrabe ɓ da b ba, ko ɗ da d, ko ƙ da k, kuma bai nuna karin sauti ba. Wannan rashi ya shafi harshen duka, amma ya fi yin ɓarna a kan kalmomin da ake magana a kansu, domin da yawansu a kan waɗannan baƙaƙe suka dogara. A irin wannan rubutu, ɓari na jiki da bari na ƙyalewa kamarsu ɗaya. Haka kaɗa, wadda iska ke yi wa ganye, ba ta da bambanci da kada na ruwa ko kada ta hani. Malaman ajami na wancan zamani sun fi shi dabara ta wannan fuska, don suna da harafin ƙ daban da na k, da na ɗ daban da na d, kuma suna nuna dogon wasali.

Matsala ta biyu ta tsarin ƙamus ce. Ƙamus mai harshe biyu yakan nemi aikatau ya ajiye gaban aikatau. Hausa kuwa ta raba wannan aiki gida uku. Akwai sunayen motsi, kamar karkarwa da kyarma da makyarkyata, waɗanda sanyi ko zazzaɓi ko tsoro ko tsufa ke kawowa. Tsuma daban take, domin ta fushi ce ko zumuɗi, irin wadda ke kama ɗan dambe in ya ji kiɗansa. Akwai kamantawa, kamar a ce jikinsa yana mazari, daga mazarin da mata ke kaɗi da shi. Sannan akwai amsa-kama: jiki na rawa kar-kar, zuciya na ɗar-ɗar, tsuntsu ya tashi fir, tauraro na wal-wal. Abin da Bature ya dunƙule cikin aikatau ɗaya, Bahaushe yakan faɗe shi da aikatau na gama-gari tare da amsa-kama. Wanda ya tambayi mai magana kalma ɗaya tilo, to, rawa zai samu, sauran kuwa su tsere masa.

4. Zamanin Faransa da bayansa

Bayan kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, Faransawa suka ci garin a 1899. Zinder ta zama hedkwatar yankin daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mayar da mulki Yamai. A aikin shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila wanda aka soma a 1906, Jean Tilho da tafintansa Moïse Landeroin sun tattara Hausar wannan yanki, suka buga nahawu da tatsuniyoyi a 1909, da kuma ƙamus na Hausa da Faransanci. Sai dai makarantun Faransa ba su koyar da Hausa ba, saboda haka gyaran rubutun boko a Nijeriya ya gudana. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 ya nuna karin sauti da tsawon wasali, ya kuma shigar da amsa-kama masu yawa tare da misalai. Cikin shekarun 1930 ne kuma aka ɗauki baƙaƙe masu ƙugiya.

Nijar ta shiga wannan aiki bayan samun mulkin kai. Taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta shirya, ya tsara haruffan Hausa tare da na wasu harsuna. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder, kuma a 1980 aka yi taron daidaita ƙa'idojin rubutu a Yamai. Ƙaramin ƙamusun Abdou Mijinguini na Hausa zuwa Faransanci ya fito a 1987. Duk da haka akwai saura. A bakin Hausawan Nijar da yawa, fita takan zama hita, saboda haka filfilwa da fifita da fir ba lalle su fito yadda aka rubuta su a Kano ba. Amsa-kama kuwa da kunne ake gane ta. In ɗalibi ya karanta bai ji sautin gidansu ba, sai ya wuce ta.

5. Kammalawa

Wannan batu ya wuce na ado. A littafin kiwon lafiya, karkarwar zazzaɓin cizon sauro daban take da jijjigar yaro, wadda ke bukatar a garzaya asibiti. In aka kira su duka rawar jiki, uwa ba za ta san wadda ake nufi ba. A littafin mata kuma, ɓari na iya zama na jiki ko na ciki, sai jimla ta warware. Saboda haka ya kamata masu tsara littattafai su tattara waɗannan kalmomi daga bakin mutanen Zinder da Mirriya da Magarya da Matamai, kowace cikin jimlarta, a rubuta abin da ke motsin da dalilin motsin da yadda ake furta kalmar, sannan a nemi ta Ingilishi ko ta Faransanci da za a ajiye gabanta.