Waƙar Adawa da Mai Ciyar da Mawaƙi

A shekarar 1976 wani irin kiɗa ya ɓullo a Ingila wanda ake kira punk. Samari ne 'ya'yan leburori, waɗanda rashin aiki ya ishe su, suka ɗauki garayar Turawa ba tare da sun ƙware ba, suka shiga caccakar masu mulki da babbar murya. A 1977 gidan rediyon BBC ya hana sa waƙar da ƙungiyar Sex Pistols ta yi wa Sarauniya, amma hanin sai ya ƙara wa faifan kasuwa. Abin lura shi ne, da yawa daga cikin makaɗan nan ƙananan kamfanoni ne ke buga musu faifai, matasa 'yan'uwansu ke saye. Ba su da ubangida.

To, a ƙasar Hausa batun ubangidan nan shi ne jigon magana. Mu ɗauki Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ɗan ƙasar Bakura, wanda ya yi suna a fadar Sarkin Ƙayan Maradun, ya kuma yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya rasu a 1991. Ba wanda zai ce harshensa ba shi da kaifi. Sai dai zambonsa yana da alƙibla: kan 'yan sarki masu jiran gado yake sauka, da sauran magabtan ubangidansa. Watau makaɗin fada yana da izinin zagi, amma gadon sarauta ba ya cikin izinin. Wajibi ne malamai su rarrabe wa ɗalibai zambo da habaici a nan, domin zambo yakan siffanta mutum har a gane shi, habaici kuwa yakan bar wa mai yi ƙofar musu. Talaka da habaici ya saba fakewa.

Waƙar da ta fuskanci mulki ƙiri-ƙiri ta wata hanya ta zo, hanyar alƙalami. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, marubuta irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin suka ɗauki ƙafiya da ma'aunin waƙoƙin wa'azi, waɗanda kunnen jama'a ya riga ya saba da su, suka zuba musu zancen haraji da zaluncin En'e. Ana rera su a wurin lacca, wanda bai iya karatu ba ya haddace. Hatsarinsu kuwa ya fi na samarin Ingila nesa ba kusa ba, gama 'yan doka da kotun alƙali duk a hannun waɗanda ake suka suke, kuma bulala da kurkuku ba baƙin abu ba ne ga 'yan Sawaba.

A ganina wannan bambanci ya fito fili a ƙasar su Ɗanƙwairo kanta. Da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara, gonaki da ƙauyuka suka nutse, biyan diyya ya yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin, har a watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka masu yawa. Ƙasa ce mai arzikin makaɗa, amma kotson fada ba a ɗaure shi don irin wannan kuka ba, manomin da ruwa ya ci gonarsa kuwa ba shi da doki ko riga da zai ba maroƙi.