Baki Shi Ke Yanka Wuya, Shi Ke Kuma Ceto

Yau ina so mu tattauna a kan 'ya'yanmu na ƙaramar sakandare, musamman mata. Sau nawa muke ganin yarinya mai ƙwaƙwalwa, amma da an ce ta miƙe a asambili ta yi magana sai jikinta ya ɗauki ɓari? Mu kuma sai mu ce ai kunya ce. To, kunya ado ce, amma rashin iya bayani asara ne. Wadda ba ta iya faɗin damuwarta a aji ba, gobe yaya za ta yi gaban likita ko gaban alƙali?

Magana koyonta ake yi, kuma tarihinmu cike yake da malamanta. Ku dubi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Malamin makaranta ne, ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Bauchi. A 1950 ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, lokacin da faɗin haka sai mai ƙarfin zuciya. Ranar 1 ga Oktoba 1960 ya yi jawabin 'yancin kai a Legas, mako guda bayan nan ya yi wani a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba ya gaggawa, ba ya ihu, kowace kalma sai ta zauna kafin ta gaba ta fito. Wannan shi ne darasi na farko ga yaro.

Na biyu daga Malam Aminu Kano ne: ka yi wa mutane magana da harshen da suke ji, da misalin gona da kasuwa. Na uku kuwa namu ne. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya tana matashiya ta shiga NEPU, tana hawa dandamali tana neman a ba mata haƙƙinsu. An ɗaure ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sai a 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a, tana raye ta gani da idonta.

Shawarata ga malamanmu na Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa ita ce, a ɗauko guntun jawabi, a fassara shi da Hausa, a tambayi yara: wa ya faɗa, ga wa, me yake nema? Sannan kowa ya miƙe ya maimaita da bakinsa na minti 2.

Ke kuma uwa, bayan sallar isha'i ki ce 'yarki ta tsaya ta ba ku labarin abin da ta koya. Kada a katse ta, kada yayyenta su yi mata dariya. Da yake icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yau ce ranar farawa. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.