Mataimakin birki mai aiki da iska: tarihinsa da yadda yake aiki

Gabatarwa

A wannan maƙala za mu duba tarihin na'urar da ake kira servo-frein da Faransanci, wadda za mu kira mataimakin birki. Abin da muke son nunawa shi ne cewa ƙarfin wannan na'ura aro ne daga injin isansi, kuma duk tarihinta ya rataya a kan wannan aro.

1. Asali

Bayan yaƙin duniya na farko motoci sun ƙara nauyi da gudu, har ƙafar direba ita kaɗai ta kasa tsai da su yadda ya kamata. A 1919 kamfanin Hispano-Suiza ya fito da motar H6, wadda birkinta ke samun taimako daga juyawar giya, kuma Rolls-Royce ya ɗauki wannan dabara a 1924. Sai dai hanya ce mai tsada. Wadda ta yi rinjaye daga baya ita ce ta amfani da iska. A Beljiyam injiniya Albert Dewandre ya ƙirƙiro nasa tsari, kamfanin Bosch na Jamus kuma ya soma ƙera shi a 1927. A Amurka, Caleb Bragg da Victor Kliesrath sun yi irin wannan aiki, daga bisani kamfanin Bendix ya saye nasu.

2. Yadda yake aiki

Idan injin isansi yana tafiya direba bai taka totur ba, maƙogwaron da iska ke bi kusan a rufe yake, alhali fistin na ta zuƙa. Saboda haka iskar cikin bututun shiga takan yi ƙaranci ƙwarai. Mataimakin birki gwangwani ne da ke tsakanin matakin birki da tukunyar mai, an raba cikinsa gida biyu da tantanin roba, an kuma haɗa shi da wancan bututu da tiyo. Muddin ba a taka birki ba, inji na zuƙe iskar ɓangarorin biyu daidai wa daida, tantani ba ya motsi. Da an taka, sai wani bawul ya rufe hanyar da ke tsakaninsu, ya buɗe wa iskar waje ƙofar ɓangaren baya. Iskar waje tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kilo 1 ko kusa da haka. Idan faɗin tantani santimita 20 ne, bambancin matsin kuma ya kai kashi 6 cikin 10, turin da yake ƙara wa ƙafa ya kusa kilo 190.

3. Yaɗuwa da iyaka

Birki mai ganga yana ƙara wa kansa kamu idan ƙafa na juyawa. Birki mai faifai ba ya haka. Don haka, da birki mai faifai ya bazu bayan nasarar Jaguar a tseren Le Mans na 1953, mataimaki ya sauko daga motocin masu hali zuwa na kowa. Amma injin gazuwal ba ya samar da isasshen ƙarancin iska, sai an sa masa famfo na musamman. Motar lantarki kuwa ba ta da bututun ma. Shi ya sa a 2013 Bosch ya fito da iBooster, mai turi da ƙaramin injin lantarki.

Kammalawa

Wannan tarihi yana da darasi ga hanyoyinmu. Bawul mai hanya ɗaya yana ajiye taimakon da zai isa taku biyu ko uku bayan mutuwar inji. Direban da ya kashe inji a gangara don tattalin mai, taku na huɗu zai iske birki ya yi tauri kamar dutse. Birkin bai lalace ba, amma ƙafarsa ce kaɗai ta rage, ga mota cike da fasinja.