Daga Littafin Jazira zuwa Rumbun Bayanai: Tarihin Neman Wani Ilimi a Ƙauyukan Hausawan Sudan

Gabatarwa

Rumbun bayanai tsari ne na adana sunaye da lambobi a kwamfuta cikin jadawali masu alaƙa da juna, ta yadda za a nemo kowane bayani cikin sauƙi. Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya shimfiɗa ka'idarsa a 1970. Ga Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu kuwa, batun shiga rajista ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, domin a kansa gona da takardar zama ɗan ƙasa suka daɗe suna rataye.

Zamanin littafi da alƙalami

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas. Sun yada zango a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da suka kafa ya ɗauki sunansa. Ga kuma mahajjata da suka tsaya neman guzuri a hanyar Makka, zaman ya zarce.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman auduga na Jazira. Wannan shiri a kan lissafi ya ginu. Kowace gona, wadda ake kira hawasha, tana da sunan mai riƙe da ita a littafi, kuma ana raba kuɗin auduga tsakanin gwamnati da kamfani da manoma. Wasu Hausawa sun sami hawasha, amma da yawa leburori ne masu tsinkar auduga, mazauna sansanonin da ake kira kambo. Guminsu yana cikin gona, sunansu ba ya cikin littafi. A 1950 Hukumar Jazira, mai hedkwata a Barakat, ta karɓi ragamar shirin. A farkon shekarun 1980 aka koma tsarin da kowane manomi yake da asusunsa daban, abin da ya ƙara wa aikin ajiye lissafi nauyi.

Buɗewar ƙofar makaranta

Ilimin farko a waɗannan ƙauyuka na allo ne, a makarantun da mutanen Sudan suke kira halwa. Mai son ilimin kwamfuta sai ya nufi birni. An kafa Jami'ar Jazira a Wad Madani a 1975, daga baya ta buɗe tsangayar lissafi da kimiyyar kwamfuta. A shekarun 1990 jami'o'i suka yawaita a jihohi, har da na Sinnar da na Damazin, wato makaranta ta matso kusa da ƙauye. A can ɗalibi yake koyon harshen SQL da yadda ake ba kowane mutum lamba ɗaya wadda ba ta maimaituwa.

Wannan darasi ya fita daga aji a 2011, lokacin da Sudan ta shiga ba 'yan ƙasa lambar shaida ta kwamfuta. Tsohuwar tambayar da dokokin zama ɗan ƙasa suka daɗe suna yi wa zuriyar 'yan Afirka ta Yamma, wato tun yaushe kakanninku suka zo, sai ta koma cikin na'ura.

Takunkumi da zumuncin sana'a

Digiri kaɗai ba ya isar mai wannan sana'a. Yana bukatar sababbin manhajoji da kwasa-kwasai da abokan aiki. Nan ne takunkumin da Amurka ta sa wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya yi tasiri, domin kamfanonin Amurka da dama sun rufe ƙofarsu ga masu shigowa daga Sudan. A 2014 ma dandalin karatu na Coursera ya toshe ɗaliban ƙasar. Saboda haka manhajojin da kowa yake da 'yancin amfani da su, irin PostgreSQL, suka ƙara daraja, haka kuma koyo daga hannun na gaba da tarukan ƙungiyoyin sa kai irin SdNOG. Sai dai harkar ta fi ƙarfi a Khartum, kuma da Larabci da Ingilishi ake yin ta. Ɗan ƙauye sai ya haɗa kuɗin mota da masauki, a nan kuwa zumuncin dangi yake yin aikin da ya yi wa mahajjata a da.

Kammalawa

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a Disamban shekarar, karatu ya tsaya, jama'a suka watse. Sojoji sun sake karɓar garin a Janairun 2025. Sake tattara rajistar gonaki da ta makarantu da ta asibitoci aiki ne na masana rumbun bayanai. Jikokin mutanen da littafin Jazira ya tsallake suna da dalili babba na kasancewa cikin masu wannan aiki, domin wanda ya tsara jadawali shi yake yanke abin da za a tambayi mutum kafin a rubuta sunansa.