Ɗakin da Ba Kowa: Nazari a kan Zanen Hammershoi

Galibin masu kallon zane labari suke nema a cikinsa, ko na yaƙi, ko na sarauta, ko na soyayya. Saboda haka abin mamaki ne a ce mutumin da ya ƙare yawancin rayuwarsa yana zana ƙofofi da tagogi da bangaye masu ruwan toka, wato Vilhelm Hammershoi na ƙasar Danmak, wanda aka haifa a 1864 ya rasu a 1916, shi ne yau ake tsayawa gaban aikinsa a kasa ɗauke ido. Da'awata ita ce, sirrin zanensa yana cikin abin da yake hana mai kallo.

A gidansa mai lamba 30 a titin Strandgade cikin birnin Kofanhegan, inda ya tare a 1898, yakan kwashe kayan ɗaki har sai kujera ɗaya ko tebur ya rage, ya taƙaita fentin mansa ga fari da baƙi da abin da ke tsakaninsu, sa'an nan ya tsai da matarsa Ida ta juya baya, ta yadda ƙeyarta kaɗai za a gani. Da yake fuska ita ce mai tona asirin zuciya, ɓoye ta kan tilasta wa mai kallo ya bar zahiri ya shiga tafakkuri, har ya wayi gari yana jingina wa matar tunanin da a haƙiƙa nasa ne.

Wani zai ce ai Vermeer na Holan ya riga shi zana mace ita kaɗai kusa da taga tun ƙarni na 17, kuma haka ne. Sai dai Vermeer yakan damƙa mata wasiƙa ko tulun madara, ya ƙawata ta da shuɗi da rawaya, alhali Hammershoi sau da yawa yakan janye ko da wannan ɗan sababin.

Matuƙar wannan zuhudu ta bayyana a zanensa na 1900 da ke gidan tarihi na Ordrupgaard, inda babu mutum, babu kujera, sai rufaffiyar ƙofa da hasken rana yana ketowa ta taga, ƙura na yawo a cikinsa. Wannan ƙura ita ce Larabawa ke kira haba'u, malamai kuma suna buga misali da ita ga abin da ba shi da nauyi a mizani. Ita ce kuwa mai zanen ya ga ta isa ta cika ɗaki.