Ron Barassi, maraya mai lamba 31, da zamanin da ya rushe da hannunsa

Daren Juma'a 15 ga Satumba, 2023, kulob ɗin Carlton ya fitar da kulob ɗin Melbourne daga gasar ƙwallon Ostireliya da ratar maki 2 kacal. Washegari aka sanar da rasuwar Ron Barassi yana da shekara 87. Waɗannan kulob biyu su ne suka raba rayuwarsa gida biyu, kuma tsallakawar da ya yi daga ɗayan zuwa ɗayan, kusan shekara 60 kafin wannan dare, ita ce masu tarihin wasan suka fi ambata idan ana neman ranar da tsohon zamani ya fara tsagewa.

Wanda bai taɓa kallon wasan ba yana buƙatar ɗan bayani, domin ya bambanta da ƙwallon ƙafa da aka saba da shi, ya kuma bambanta da zari-ruga. A Melbourne aka rubuta dokokinsa na farko a 1859, kuma ɗaya daga cikin dalilan ƙirƙiro shi shi ne a sama wa 'yan wasan kurket abin motsa jiki a lokacin hunturu. Shi ya sa har yau a filin kurket mai siffar ƙwai ake buga shi, mutum 18 a kowane ɓangare, da ƙwallo mai siffar ƙwai ita ma. Turaku huɗu ne a kowane ƙarshen fili. Wanda ya harba ƙwallo da ƙafa ta ratsa tsakanin dogayen biyu na tsakiya ya ci maki 6, idan ta bi ta gefe kuma maki 1. Ba a jefa ƙwallo da hannu. Ko dai a harba ta, ko a ɗora ta a tafin hannu ɗaya a naushe ta da ɗayan zuwa ga abokin wasa. Wanda ya cafke ƙwallon da aka harbo daga nesa kafin ta taɓa ƙasa yana da damar tsayawa ya yi bugunsa ba mai taɓa shi. Wannan cafkewa, da mutum zai taka kafaɗar wani ya tashi sama, ita ce abin alfaharin wasan.

A zamanin da aka haifi Barassi, a 1936, babbar gasar ta jihar Victoria ce kawai, mai kulob 12. Goma sha ɗaya suna cikin birnin Melbourne da unguwanninsa, na sha biyun yana garin Geelong. Kulob da unguwa abu ɗaya ne. Collingwood na ma'aikatan masana'antu ne da talakawa, da yawansu 'yan Katolika masu asalin Ayilan, shi kuwa Melbourne reshe ne na ƙungiyar kurket ta birnin, wato na masu hannu da shuni. Mutum ba ya zaɓen kulob, gadonsa yake yi. Ɗan wasa ma haka: dokar yanki ta ɗaure shi ga kulob ɗin da gidansa ya faɗa a ƙasarsa, kuma ba ya iya komawa wani sai da takardar sallama. Tun 1930 wata doka ta ƙayyade ladan ɗan wasa a kan fam 3 a kowane wasa, ko da yake ba a rasa masu miƙa ƙari ta bayan fage ba. Gwarzon da dubban mutane suka yi wa tafi ranar Asabar, ranar Litinin yana bakin aikinsa na kanti ko na gini ko na koyarwa.

Mahaifin Barassi, wanda shi ma sunansa Ron, ɗan wasan Melbourne ne, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofi a 1940. Daga nan ya tafi Yaƙin Duniya na Biyu, aka kashe shi a Tobruk ta ƙasar Libiya a 1941, lokacin ɗansa yana da shekara 5. Abokan wasan mamacin da magoya bayan kulob suka ɗauki alkawarin kula da matarsa da marayansa, kuma suka cika. Da yaron ya tasa aka ga alamar zai yi ƙwallo, sai dokar yanki ta zama matsala, domin za ta kai shi wani kulob dabam. Melbourne ya matsa wa hukumar gasa har aka amince da wata sabuwar ƙa'ida: ɗa yana iya buga wa kulob ɗin mahaifinsa ko ina yake zaune. Da mahaifiyarsa ta sake aure ta koma tsibirin Tasmania, kocin kulob ɗin, Norm Smith, tsohon abokin wasan mahaifinsa, ya ɗauke shi ya zauna a gidansa. A 1953 ya fara buga wa manya, sanye da lamba 31, lambar mahaifinsa.

Da wuya a sami ɗan wasan da tsohon tsari ya rena kamar wannan. Kuma ya biya bashin. Bai kai dogayen da ke tsalle a tsakiyar fili tsawo ba, bai kuma kai ƙananan da ke tsintar ƙwallo a ƙasa sauri ba, sai Smith ya ba shi aiki tsakanin biyun, yana bin ƙwallo duk inda ta nufa, da ƙarfi da naci da ba a saba gani ba. Melbourne ya ci kofi a 1955 da 1956 da 1957, Collingwood ya tare shi a 1958, ya dawo ya ci a 1959 da 1960 da 1964. Biyun ƙarshe Barassi ne kyaftin. Yara a faɗin Victoria, har da na unguwannin abokan hamayya, sun san lamba 31.

A ƙarshen 1964 kuwa ya sanar cewa zai koma Carlton a matsayin kyaftin kuma koci.

A yau wannan ba labari ba ne. A lokacin, cin amana aka ɗauke shi, kamar ɗa ya fita daga gidan ubansa ya tare a gidan maƙwabcin da ake gaba da shi. Har yanzu tsofaffin magoya baya suna ba da labarin yaran da suka yi kuka, da iyaye mata da suka rasa yadda za su yi da lambar da suka ɗinka a bayan riguna. Smith ya yi tayin sauka daga kujerarsa don ya bar masa, Barassi ya ƙi. Dalilinsa, kamar yadda ya sha bayyanawa, shi ne yana son ya koyi horarwa da ƙafarsa, a wajen inuwar mutumin da ya rene shi. Akwai kuɗi a cikin maganar, babu shakka, amma wanda ya ce kuɗi ne kaɗai bai yi masa adalci ba. Abin da tafiyar ta nuna wa sauran 'yan wasa shi ne cewa idan mutumin da aka yi wa doka ta musamman don ya zauna zai iya tashi, to kowa ma zai iya.

Melbourne bai farfaɗo ba. A tsakiyar 1965 shugabannin kulob suka kori Smith, jama'a suka yi ca, aka mayar da shi cikin 'yan kwanaki, amma ƙwarjinin ya riga ya tafi. Kulob ɗin bai sake shiga zagayen ƙarshe ba sai 1987, bai sake ɗaga kofi ba sai 2021, bayan shekara 57.

Carlton, wanda rabonsa da kofi tun 1947, ya ci a 1968. Amma wasan da ya ɗaga Barassi sama da sauran kociyoyi shi ne na ƙarshe a 1970, ranar 26 ga Satumba, gaban 'yan kallo 121,696, adadin da ba a sake kaiwa ba har yau. Da aka tafi hutun rabin lokaci Collingwood yana da maki 73, Carlton 29. Hikimar da aka gada ita ce ɗan baya ba ya wasa da ƙwallo kusa da gidansa: ya cafke, ya ja da baya, ya harba ta nesa, dogaye su yi kokawa a kanta. Naushin ƙwallo da hannu dabara ce ta wanda aka rutsa. Barassi ya umarci yaransa su yi watsi da wannan, su riƙa miƙa ƙwallo da hannu ko daga ina, kada su tsaya, su gaji da abokan karawa da gudu. Ya kuma sako wani ɗan benci mai suna Ted Hopkins, a zamanin da wanda aka cire ba ya komawa fili. Cikin 'yan mintoci Carlton ya zura bakwai. Hopkins shi kaɗai ya ci huɗu a ranar, kuma wasa ɗaya tak ya ƙara bugawa a gasar bayan nan. Aka tashi 111 da 101.

Ana yawan cewa a wannan hutun rabin lokaci aka haifi wasan zamani. Maganar ta yi daɗi fiye da yadda ta yi daidai. Graham Farmer na Geelong, ɗan asalin ƙabilun farko na Ostireliya, ya shafe shekarun 1960 yana kai hari da dogon naushin hannu, kuma Len Smith, yayan Norm, ya daɗe yana koyar da wasan gudu ba tsayawa. Abin da Barassi ya yi shi ne ya gwada dabarar a rana mafi girma, a gaban taro mafi yawa, lokacin da ba shi da abin asara, kuma ta ci. Bayan haka babu kocin da zai iya kiranta wasan yara.

Sauran tarihinsa tafiya ce a kan hanyar da ya buɗe. North Melbourne, kulob ɗin da bai taɓa cin kofi ba tun shigarsa gasar a 1925, ya ɗauke shi a 1973, ya kuma yi amfani da wata doka mai gajeren rai da ta 'yanta duk wanda ya yi wa kulob ɗaya shekara 10, ya sayo manyan 'yan wasa irin su Barry Davis da Doug Wade da John Rantall. Kofi ya zo a 1975, ya sake zuwa a 1977. Komawarsa Melbourne daga 1981 zuwa 1985 ba ta kawo kofi ba, sai dai a lokacin ne aka fara ɗauko matasa daga Ayilan, cikinsu har da Jim Stynes wanda ya zama gwarzon gasar a 1991. A 1993, yana dab da shekara 60, ya karɓi kulob ɗin Sydney da ke kwance a ƙasan tebur, a birnin da zari-ruga ke mulki, domin ya daɗe yana da'awar cewa wasan na ƙasa ne baki ɗaya.

Wannan buri ya cika, kuma unguwanni ne suka biya kuɗinsa. Kulob ɗin Sydney da ya je ceto shi ne tsohon South Melbourne da aka tumɓuke aka kai can a 1982. A 1990 gasar ta sauya suna daga ta Victoria zuwa ta Ostireliya. A 1996 Fitzroy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gasar, ya narke cikin kulob ɗin Brisbane saboda bashi. Ƙananan filayen unguwa masu taɓo, inda mutum ke zuwa da ƙafa ya tsaya a inda kakansa ya tsaya, aka daina buga manyan wasanni a cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Masu kewar wancan zamani suna da hujja. Sai dai biyayyar da suke yabo rabinta ƙauna ce, rabinta kuma takardar sallama ce da kulob ke riƙe da ita a aljihu, kuma 'yan wasan da suka cika filaye da mutum dubu ɗari ba su ga kaso mai yawa na kuɗin ƙofa ba.

Dokar yanki ta mutu, tun 1986 kulob-kulob suna zaɓen sababbin 'yan wasa ne bi da bi daga ko'ina a ƙasar. Ƙa'idar ɗa da uba kuwa tana nan, ita ce kusan abu ɗaya da ya rage na gado a cikin gasar. An dai ƙara mata sharaɗi: sai uban ya buga wa kulob ɗin wasa 100. Mahaifin Barassi wasa 58 ya buga kafin ya tafi Tobruk.